Yawan kamu ba ya nuna yawan kifi: sharhi kan fatsar attajirai a tekun tsibirai

A fadojin samari na Maraɗi, inda shayi ke zagayawa ana miƙa wa juna salula, akwai wani irin bidiyo da ke yawan yawo. Farin jirgin ruwa a tsakiyar teku, wani mutum ɗaure a kujera, sandar fatsa ta lanƙwashe, can nesa kuma wani ƙaton kifi mai dogon tsinin baki yana tashi sama yana faɗowa ruwa. Sai an yi awa guda ko fiye ana ja-in-ja kafin a jawo shi gefen jirgi. A ɗauki hoto, a zare ƙugiya, a sake shi ya yi tafiyarsa. A nan ne masu kallo kan ɗauki salati. Kifin da zai ciyar da unguwa guda, a sha wannan wahala a kama shi, sannan a sake shi?

Za mu zo kan wannan tambaya. Amma akwai wadda ta riga ta, kuma ita ce ginshiƙin maganar: me ke tara irin wannan kifi a gefen wasu ƴan tsibirai, alhali teku ga ta nan ba iyaka? Idan kuma aka ce bana kamu ya yi kyau a wuri kaza, kifin ne ya ƙaru, ko wani abu ne dabam ya faru da ruwan?

Kifin da ake gani a yawancin hotunan nan shi ne malin, musamman shuɗin malin, mai yawo a ruwan ɗumi na tekunan Atlantika da Pasifik da Indiya. Ba ya zama a gaɓa, yana iya ratsa teku daga wannan nahiya zuwa waccan. Manyan da ake tinƙaho da su duk mata ne. Namiji da wuya ya wuce kilo 160, mace kuwa tana iya ninka shi sau huɗu. Tare da shi ana farautar baƙin malin, da kifi mai tuta a gadon baya, da tuna mai rawayan fiffike, da wahu, da dorado. Ƙungiyar IGFA, wadda aka kafa a 1939, mai mazauni a jihar Fulorida ta Amurka, ita ke riƙe da kundin bajinta. A cikinsa, baƙin malin mafi nauyi shi ne mai kilo 707 da Alfred Glassell ya kama a Kabo Bilanko ta ƙasar Peru a 1953. Shuɗin malin na Atlantika mai kilo 636 ne, Paulo Amorim ya kama shi a gaɓar Bitoriya ta Birazil a 1992. Na Pasifik mai kilo 624 an kama shi a Kona, tsibirin Hawayi, a 1982.

Dokokin wasan suna da tsauri. Igiyar fatsa ba za ta wuce wadda ke tsinkewa da nauyin kilo 60 ba, wato da igiyar da ƙarfinta bai kai ushirin nauyin irin waɗannan kifaye ba ake jan su. Daga lokacin da kifi ya haɗiyi ƙugiya, ba wanda zai taɓa sanda ko igiya sai mai fatsar shi kaɗai, har sai kifin ya iso gefen jirgi. Idan kifin shak ya gutsuri naman kafin a ɗago shi, bajintar ta tashi a banza. Ƙarfi ba ya kawo irin wannan kifi. Gajiyar da shi ake yi, a sakar masa igiya idan ya yi gudu, a naɗe idan ya lafa, kyaftin kuma yana bin sa da jirgi da baya.

A lura da shekarun nan: 1953, 1982, 1992. Jirage sun fi na da gudu, akwai na'urar hango kifi a ƙarƙashin ruwa, akwai taswirar zafin teku daga tauraron ɗan'adam, amma kundin bai motsa ba fiye da shekara talatin. Ba zan ce wannan kaɗai hujja ce cewa manyan sun ƙare ba, domin yanzu akasarin manyan sakin su ake yi ba tare da an ɗora su a sikeli ba. Sai dai abu ne da ya kamata mutum ya ajiye a gefen zuciyarsa.

Mu koma ga ruwan. Tekun yankin zafi, idan aka yi nisa da gaɓa, matalauciya ce. Shuɗin nan mai ɗaukar ido da ake gani a hoto alama ce ta rashin abinci, domin ruwa mai albarka kore-kore yake, cike da ƙananan tsirrai waɗanda ido ba ya gani. Dalili kuwa shi ne rana tana dumama ruwan sama, ruwan ɗumi kuma ya fi na sanyi rashin nauyi, sai ya kwanta a bisa ya ƙi cakuɗuwa da na ƙasa. Sinadaran da tsirrai ke buƙata suna can ƙasa cikin duhu, hasken da suke buƙata yana nan sama. In ba wani abu ya dama ruwan ba, ba za su haɗu ba.

Tsibiri shi ne madamin. Yawancin tsibiran da suka yi suna a wannan harka, irin su Hawayi, Kabo Berde, Sawo Tome, Moris da Asenshon, kawunan duwatsu ne masu aman wuta da suka taso daga ƙasan teku mai zurfin dubban mitoci. Idan igiyar ruwa mai tafiya ta ci karo da irin wannan dutse, sai ta rabu, ta yi ta juyi a bayansa, wani wurin ta turo ruwan ƙasa mai sanyi zuwa sama. Tsirrai su tsiro, ƙananan halittu su ci su, ƙananan kifaye su taru, matsakaitan tuna su biyo su, malin ya biyo tuna. Masana kimiyyar teku sun bayyana wannan tasiri na tsibiri a rubuce tun 1956, daga binciken da aka yi a Hawayi. Ƙari a kan haka, gangaren irin waɗannan tsibirai a miƙe yake. A Kona, ƴan kilomita kaɗan daga tasha zurfin ruwa ya haura mita 1,000. Kifin da a wata ƙasa sai an yi tafiyar awoyi kafin a iske shi, a can ana iya cin karo da shi ana hango motoci a kan titi.

Amma a nan ne ake fara rikita abu biyu. Akwai yanayin da ya dace da kifi, akwai wanda ya dace da mai fatsa, kuma ba ɗaya suke ba. Kona ta yi suna ne ba don kifi kaɗai ba. Duwatsun Mauna Lowa mai tsayin mita 4,169 da Huwalalai suna tare iskar arewa maso gabas da ke kaɗawa kusan duk shekara, sai ruwan yammacin tsibirin ya kwanta luf. Jirgi na iya fita kusan kullum, baƙon da ya biya kuɗi ba ya amai, shi ya sa aka kafa babbar gasar malin a can tun 1959. A ɗaya gefen tsibirin ma akwai kifi, sai dai ba mai son zuwa. Haka abin yake a mashigin Pemba, tsakanin tsibirin da gaɓar Tanzaniya da Kenya. Lokacin iskar da Sawahilawa ke kira kaskazi, daga wajen Disamba zuwa Maris, shi ne kakar malin. Idan iskar kudu ta kusi ta kama daga Afrilu, teku ta harzuƙa, jirage da yawa a kan ja su tudu. Kowane rahoton kamu, saboda haka, rahoto ne na inda jirage suka iya zuwa a ranar da suka iya fita.

Ɗaya daga cikin waɗannan wurare a nahiyarmu shi ne Kabo Berde, tsibirai goma da ke kimanin kilomita 570 yamma da Dakar. Daga tashar Mindelo a tsibirin Sawo Bisente ake fita, ana bin mashigin da ke tsakaninsa da Santo Antawo, galibi daga Maris zuwa Yuli. Wurin ya shahara da yawan shuɗin malin, amma iska ba ta raga wa kowa a can. Kuma abin da bai kamata ya wuce ɗan Maraɗi ba shi ne, yanayin wannan teku daga wajenmu yake tashi. Ƙurar hunturu da ke rufe mana rana a Janairu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ba a kanmu take tsayawa ba. Tana wucewa yamma, ta lulluɓe Kabo Berde har wani lokaci jiragen sama su kasa sauka, sannan ta zuba a Atlantika ɗauke da sinadarin ƙarfe da fosforas waɗanda tsirran teku ke bukata. Da damina kuma, jerin hadarin da ke tasowa daga gabas ya zubar mana da ruwan Agusta, shi ne ke ci gaba da tafiya ya fita teku ta Senigal da Gini, wani ya rikiɗe ya zama mahaukaciyar guguwa. A ƙarshen Agusta 2015 guguwar Fired ta ratsa tsibiran Kabo Berde kansu, abin da ba a gani ba tun 1892. Manomin Gidan Rumji da kyaftin na Mindelo sama ɗaya suke kallo, ɗaya yana gabas da hadarin, ɗaya yana yamma.

Idan jirgi ya fita, kyaftin karatun ruwa yake yi. Yana duba zafi, domin shuɗin malin ya fi son ruwan da ya kai digiri 24 zuwa sama. Ya fi neman iyakar da ruwa biyu suka haɗu, inda zafi ya sauya da digiri ɗaya ko launi ya juya daga kore zuwa shuɗi, domin nan abinci ke taruwa. Yana kallon tsuntsaye masu shawagi, yana neman garken dolfin saboda tuna kan bi su, yana murna idan ya ga kututture yana yawo a kan ruwa don dorado na son inuwa. Wannan ɗabi'a ta kifi ce ta sa ake dasa tulunan ƙarfe a tsakiyar teku da gangan, a ɗaure su da anka, su zama matattara. Jihar Hawayi tana da irin wannan shiri tun wajen 1980. Jirgin na jan tarkon roba huɗu ko biyar a baya, da gudun kilomita 13 zuwa 17 a awa. Maganar wata kuwa, ko farin wata ya fi ko duhunsa, gardama ce da masu jirage ba su gama ba, kowa da abin da ya gani. Da yamma a kan ba da sakamako da lamba uku, misali kifi nawa ya taso, nawa ya ci, nawa aka kawo gefen jirgi.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi. Malin kifi ne mai gudu da ƙarfi, jikinsa na cin iskar oksijin da yawa. Yana da wata tsoka kusa da ido da ke dumama masa ido da ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake iya nutsawa cikin ruwan sanyi ya yi farauta ya dawo. Abin da ba ya iya jurewa shi ne ruwan da ba oksijin. A gabashin Atlantika, wato ɓangarenmu, daga Muritaniya zuwa mashigin Gini, akwai wani shimfiɗaɗɗen ruwa a ƙasa mai ƙarancin oksijin ƙwarai. Asalinsa albarka ce: gaɓar Muritaniya da Senigal na daga cikin wurare mafi yawan tsirran teku a duniya, abin da ya mutu a sama yana nutsewa ya ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar. Na'urorin da masu bincike ke maƙala wa kifi, masu ɓallewa daga baya su aika bayani ta tauraron ɗan'adam, sun nuna cewa malin na gabashin Atlantika ba ya nutsawa da zurfi kamar ɗan'uwansa na yammaci. Rufi ne aka yi masa daga ƙasa. Wani bincike da aka buga a 2012 ya ƙiyasta cewa tsakanin 1960 da 2010 wurin zaman irin waɗannan kifaye a wannan yanki ya ragu da kimanin kashi 15 cikin 100, saboda wannan ruwa maras iska yana faɗaɗa yana ƙara matsowa sama.

Duk masuncin da ya san tabkin Madarumfa ya san fassarar wannan. Idan bazara ta yi nisa ruwa ya ja baya, tarwaɗa da karfasa kan cunkushe a ɗan abin da ya rage, jifa ɗaya na birgi ya cika kwando. Ba wanda zai ce kifi ya ƙaru a tabki. Wurin ɓuya ne ya ragu. Haka malin da abincinsa suke matsuwa a saman ruwa, daidai inda ƙugiya take. Sai kamu ya yi kyau, baƙi su yi ta tururuwa, alƙaluman manyan jiragen kasuwa su nuna kamar komai lafiya, alhali yawan kifin na iya kasancewa yana raguwa. A ganina wannan shi ne abu mafi muhimmanci da mai karanta rahoton kamu ya kamata ya riƙe, kuma shi ne abin da masu tallar jirage ba su cika faɗa ba.

An taɓa ganin wuri ya mutu. Kabo Bilanko, inda Glassell ya yi bajintarsa, ita ce zakaran gwajin dafi a shekarun 1950. A gaɓar Peru ɗin kuma aka yi ta kwasar ɗan ƙaramin kifin ancobi don yin garin abincin dabbobi, har ya kai wajen tan miliyan 12 a 1970. Da ɗumamar ruwan El Nino ta zo a 1972, ancobi ya rushe. Manyan baƙaƙen malin sun daina zuwa, kuma mutane da yawa na danganta hakan da ƙarewar ƙananan kifayen da abincinsu ya dogara a kansu. Yau masana'antun garin kifi sun cika Nuwadibu a Muritaniya suna niƙa sadinela, kifin da talakan Afirka ta Yamma ke ci, wanda kuma manyan kifayen yankin ke dogaro da irinsa. Ban ga dalilin da zai sa a ɗauka Atlantika ta fi Pasifik haƙuri ba.

Ba masu fatsar wasa ne ke kashe mafi yawan malin ba. Mamarin manyan jirage ne, igiya mai tsawon da kan kai kilomita 100, ɗauke da ƙugiya har 3,000, wadda ake shimfiɗawa don tuna da kifin takobi, malin ya faɗa ciki ba shi aka nufa ba. Jiragen Japan ne suka fara kawo wannan salo Atlantika a ƙarshen shekarun 1950, na Taiwan da Koriya da Sifaniya suka biyo baya. Hukumar ICCAT, da aka kafa da yarjejeniyar 1966, mai ofis a Madrid, ita ke raba kason kamu. Ta rage adadin shuɗin malin da aka yarda a fitar daga Atlantika zuwa tan 1,670 a shekara daga 2020. Amurka gaba ɗayanta an ƙayyade wa masu fatsar wasanta malin 250 kacal da za su kashe a Atlantika a shekara. A 2011 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shuɗin malin cikin halittun da ke fuskantar haɗari.

To, mu dawo ga sakin kifi. Da farko, farauta da gasa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake lissafa farkonsa daga 1934, gasa ce ta wanda ya fi kama babban giwan ruwa. Bambancin shi ne a Argungu kifin tukunya yake ƙarewa. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, farauta don abinci ko sana'a halal ce, farauta don wasa kawai makaruhi ce. Mai wannan karatu idan ya ga an wahalar da dabba awa biyu don hoto, ba zai gamsu da cewa ai an sake ta ba, kuma ina ganin yana da gaskiya ta fuskar tausayi. Ba kowane kifin da aka saki ke rayuwa ba. Wani ya gaji har shak ya cimma shi, wani ƙugiya ta yaga masa ciki. Wani bincike da aka buga a 2005 kan farin malin ya bi kifi 40 da na'ura: duka 20 da aka kama da ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe sun rayu, amma cikin 20 da aka kama da miƙaƙƙiyar ƙugiya ta gargajiya 13 ne suka tsira. Dalili shi ne mai zoben a gefen baki take maƙalewa, ba ta shiga ciki. Wannan ya sa gasa da yawa suka wajabta ta idan da ɗanyen kifi ake tarko.

Ta fuskar yawan kifi a teku kuwa, lissafin dabam yake. Babbar mace guda tana zuba miliyoyin ƙwai, kuma ita ce wadda ake nema. Kashe ta don a rataye a tasha ya fi sakin ta ɓarna nesa ba kusa ba. Kuma naman irin wannan tsohon kifi ba abin marmari ba ne yadda muke zato, domin sinadarin makuri mai guba yana taruwa a jikin manyan kifaye masu cin ƴan'uwansu, har likitoci na gargaɗin mata masu juna biyu da yara su guje shi. Duk da haka a Hawayi ana cin malin ana sayar da shi, a Gana da Sawo Tome masu kwale-kwale na kawo shi kasuwa a yanka a ƙyafe. A wurinsu abinci ne, kuma su ne ba a cika jin muryarsu ba idan ana zaman rabo.

Masu kare wasan suna cewa kifi mai rai ya fi matacce kawo kuɗi. Hayar jirgin malin na yini guda kan haura dalar Amurka 1,000, ga otal, ga abinci, ga aikin yi ga matasan tsibiri, kuma kifi ɗaya ana iya kama shi bana a sake kama shi baɗi. Gaskiya ne, amma da saura. Jiragen da yawa na baƙi ne, kyaftin baƙo ne, sau da yawa a Turai ake biyan kuɗin tun kafin mutum ya hau jirgin sama. Ɗan tsibiri shi ne mai ɗaura tarko da kama igiya da safar hannu, aikin da ya fi kowane haɗari a jirgin.

Ɗaya hanyar, ta ba manyan jiragen kasuwa hayar teku, ita ma ba ta fi ba. Dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasar gaɓa ikon arzikin ruwa har nisan kilomita 370. Da wannan, Kabo Berde mai faɗin ƙasa murabba'in kilomita 4,033 ta mallaki teku da ta haura murabba'in kilomita 700,000, fiye da rabin faɗin Nijar. Ba ta da isassun jiragen da za su tsare wannan fili, ba ta da isassun waɗanda za su ci moriyarsa, sai ta ba da haya. A yarjejeniyar da ta ƙulla da Tarayyar Turai a 2019, an bai wa jirage 69 na Sifaniya da Fotugal da Faransa izinin kamun tuna da dangoginsa, a kan yuro 750,000 a shekara, bisa ma'aunin tan 8,000. Ban da kuɗin lasisi da masu jiragen ke biya dabam, idan aka raba, kilo ɗaya bai kai santim goma na yuro ba, wato wajen sefa 60, dala goma sha biyu a ƙirgen kasuwar Maraɗi. Daga cikin jiragen nan akwai masu mamari, kuma a ruwan da jiragen Mindelo ke sakin malin da rana suke shimfiɗa ƙugiyoyinsu.